Shari'ar Mai Lambu da Rediyonsa

Duk wanda ya taɓa sayen bokiti a layin 'yan Nijar na kasuwar Tamanrasset ya san Tijani Na-Sani. Ba a raɗa masa wannan suna ranar bakwai ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ka ce masa an yi ruwa a Damagaram, ya ce, "Ai na sani." Ka ce masa matarka ta haihu yanzun nan, kai ma a hanya aka tare ka da labarin, ya ce ai ya sani. Akwai ranar da aka faɗa masa bayan rigarsa ya kama da wuta, sai da ya ce ya sani tukuna sannan ya kurma ihu.

Abu ɗaya Tijani ke so a duniya, shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwar Nijar. Alhaji Mahamane, dattijon da ke riƙe da ita, gwiwoyi sun matsa masa zai koma gida Maradi, kuma ya faɗa a bainar jama'a cewa ranar Juma'a zai miƙa ta ga wanda aka shaida ya iya kashe rigima. Tun bai rufe baki ba Tijani ya kai farar shadda wurin tela. Ya kuma sayo kujera mai hannu da jan soso, ya ajiye ta a butik, wato shagonsa, cikin ledarta, ya hana kowa zama a kai har shi kansa.

Matsalar ita ce babu rigimar da za a kashe. Mutumin da ke zaune a ƙasar wasu ba ya son hayaniyar da za ta jawo jandarma ya zo tambayar takardu, don haka layin nan lafiya lau ake zaune, abin har ya ba Tijani haushi. Ya yi ta zagaye hannu a baya yana kasa kunne. In ya ji an ɗaga murya ya sheƙo da gudu, sai ya tarar gaisuwa ake da mai nauyin ji.

Ana cikin haka Allah ya kawo masa Zuhura, 'yar yayarsa. Ta gama jami'a a Damagaram, tana son tafiya ƙasar waje ta yi digiri na biyu, sai dai dole ta ci wata jarrabawa ta Ingilishi wadda ake ba mutum ɗan labari ya karanta, a yi masa tambaya, ya zaɓi amsa. Uwarta ta turo ta wurin kawunta ta riƙa tsaron butik tana bita. Yarinya ce mai haƙuri, ta sami lungu tsakanin tarmos da tabarmin roba, ta buɗe wani ƙaton littafi na tambayoyin gwaji, ba ruwanta da kowa.

Tijani ya leƙa littafin ta saman tabaransa, wanda babu magani a cikinsa, na ado ne.

"Ɗiyata, mi suka ce nan?"

"Tambaya ce, Kawu. Bari in mayar maka da Hausa." Ta bi layin da yatsa. "Wani mai lambu ya ce tun da ya rataya rediyo a lambunsa tumatirinsa ya ƙara girma, saboda haka rediyo ne ke sa tumatir girma. Wanne daga cikin waɗannan, in gaskiya ne, ya fi raunana maganarsa? A, a watan da ya rataya rediyon ne ya fara zuba taki. B, maƙwabcinsa ba ya son kiɗa. C, rediyon tsoho ne. D, tumatir ya yi tsada a kasuwa."

Tijani ya cire tabarau a hankali.

"A raunana maganarshi? Shi yana ina?"

"Wa?"

"Mai lambun! Bawan Allah ya yi maganarshi, mutum huɗu sun taru mishi, kuma ana so ke ki ƙarasa shi a bayan idonshi? An ji ta bakinshi?"

"Kawu, babu shi hwa. Ƙirƙira suka yi. Amsar ma A ce, takin ne..."

"Ai na sani," in ji Tijani, amma idonsa ya riga ya yi haske. Ga rigima har da shaidu huɗu, ta gagari Turawa sun buga ta a littafi, Allah ya jefo ta cikin butik ɗinsa ana gab da Juma'a. Ya fita tsakiyar layi ya yi gyaran murya ya sanar cewa wata shari'a da ta fi ƙarfin jami'o'in duniya ta iso hannunsa, kuma zai yanke ta a gaban Alhaji Mahamane bayan an sauko daga masallaci.

Washegari ya hau mota zuwa Outoul, wani ƙauyen lambuna da ke wajen gari, wai in dai mai lambu ne da rediyo ba zai wuce can ba. Ya bi lambuna yana leƙe ta kan shinge har ya ji muryar mai sharhin ƙwallo tana fitowa daga jikin wata bishiya. A gindinta wani tsoho ne Ba'abzine, ya naɗe fuska da rawani, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Mutumin Agadas ne, yana jin Hausa.

"Alhamdu lillahi, na same ka," in ji Tijani. "Baba, maganarka ta kai ƙasar Turawa. Kai ne ka ce rediyo ke sa tumatir girma?"

Tsohon ya dube shi, ya dubi lambunsa.

"Albasa ce wannan."

"Ai na sani. Amma tumatirin hwa?"

"Babu."

"Kada ka ji tsoro, Baba, ni ina bayanka. Maƙwabcinka ba ya son kiɗa, ko?"

"Maƙwabcina ya rasu bara."

"To ka gani! Har abin ya kai haka."

Ya ja da baya don ya ƙare wa rediyon kallo, ƙafarsa ta zame, ya zauna daɓas a cikin hanyar ruwa. Ruwan ya tsaya a bayansa ya juya ya shiga wani fegi da ba shi aka nufa ba. Tsohon ya ga in bai sallami wannan mutum ba albasarsa za ta nutse. Ya ce ya jira shi, ya ɓace ta bayan shinge, ya dawo da kwandon tumatir jajir ya dire masa. Tijani ya roƙi aron rediyon a matsayin shaida, ya rantse ko ƙura ba za ta taɓa shi ba. Tsohon ya ce ranar Juma'a zai shigo gari, zai zo ya karɓi abinsa.

Tijani ya dawo kasuwa wando jiƙe, kwando a ka, rediyo a hammata. Ya tara maƙwabtansa huɗu: Tahiru mai shayi, mutum mai sanyin hali, Khamisu mai tsire, wanda wutar zuciyarsa ta fi ta tukubarsa, Sufyanu mai gyaran salula, da Hawwa mai tuwo, wadda duk 'yan aikin gini na layin a wurinta suke cin rana.

"Shari'a ba ta yiwuwa sai da shaidu," in ji shi. "Tahiru, kai ne A, maganarka taki. Khamisu, kai ne B, ba ka son kiɗa. Sufyanu, C, rediyon tsoho ne. Hawwa, ke ce D, tumatir ya yi tsada. Kowa ya riƙe maganarshi da kyau har Juma'a, kada ya bari a kayar da shi."

"Ni mi ya haɗa ni da taki?" in ji Tahiru.

"Haka ya zo a littahi."

"Ni kuwa tawa gaskiya ce tsagwaronta," in ji Hawwa. "Tun yaushe nike faɗa ba a ji."

Zuhura ta leƙo daga butik. "Kawu, ba mutane ba ne, zaɓi ne. Karantawa ake a zagaye ɗaya a wuce."

"A zagaye mutum a wuce? Abin da ake koya muku ke nan a lekkol? Koma ciki."

Kowa ya ɗauka wasa ne, har gari ya waye. Khamisu ne ya fara. Shi mutum ne da in aka ba shi aiki ba ya yin rabi. Ya tsallako rumfar Sufyanu, inda kiɗa ke tashi tun da aka kafa ta, ya zare wayar lasifika.

"Lahiya?" in ji Sufyanu.

"Ba ni son kiɗa."

"Tun yaushe? Kai da ke rawa kana juya tsire?"

"Tun jiya. Ni ne B."

Sufyanu ya mayar da waya, Khamisu ya zare. Ya mayar, ya zare. A karo na gaba lasifikar ce ta faɗo ta sami Khamisu a ido. Sufyanu kuwa, don ya nuna shi ma ba ɗan rakiya ba ne, ya karɓi rediyon tsohon daga hannun Tijani wai zai duba shekarunsa. Ya kwance bayansa, ya kwance cikinsa, ya jera ƙusoshi da wayoyi a faranti, ya riƙa ɗaga wa masu wucewa wani ɗan ƙarfe mai tsatsa yana cewa su duba da idonsu, wannan ya girmi kakansu. Da Tijani ya ce a mayar da shi yadda yake, sai Sufyanu ya ce shi salula ya koya.

Hawwa ba ta yi gardama da kowa ba, ta dai cire tumatir daga miya gaba ɗaya. 'Yan aikin gini suka sauko da rana da yunwarsu suka tarar da tuwo da wani ruwa fari mai yaji.

"Inna, ina miyar?"

"Tumatir ya yi tsada. Ku tahi ku tambayi Na-Sani."

Tahiru ne ya fi shan wuya, shi da bai ce komai ba. Wani ya zo ya zauna a bencinsa ya ce a ba shi shayi amma kada a sa masa taki. Aka kwashe da dariya, shi ke nan suna ya bi shi. Kafin la'asar bencin ya zama wayam, Tahiru na zaune shi kaɗai yana fifita gawayi, idonsa ya yi ja, wanda ba hayaƙi ne ya sa ba. Tausayinsa ya kama duk mai zuciya a layin, ban da Tijani, wanda ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce ya daure, shaidar gaskiya haka take.

Abu ya bazu. Masu aikin gini suka rabu, masu jin haushin miya suka zama 'yan adawar D, abokan Sufyanu suka rubuta C da alli a jikin baro. Mutanen da suka taho mota ɗaya daga Agadas, suka raba gorar ruwa ɗaya a hanya, suka daina gaisawa a kan taki. Wani Balarabe mai sayar da dabino ya tsaya ya tambayi Tijani, "Huya, ɗan'uwa, mene ne wannan?" Tijani ya ce masa ilimi ne, ba zai gane ba. Shi dai murna fal cikinsa, yana zagaye yana ƙara wa kowa ƙarfin gwiwa. Ya ce wa Khamisu maganarsa ta fi nauyi, ya juya ya faɗa wa Sufyanu haka nan, don a ganinsa gwargwadon girman rigima gwargwadon girman mai kashe ta.

Zuhura ta sake gwadawa ana gobe Juma'a.

"Kawu, don Allah ka saurare ni. Abin da suke so a gane shi ne, ƙila ba rediyon ba ne, takin ne ya sa tumatir girma. Shi ke nan. Ko shayi bai huce ba an wuce ta gaba."

"To in A ta ci, sauran ukun hwa? Su koma gida da kunya? Ɗiyata, ke karatu kika sani, ni mutane na sani."

Ranar Juma'a bayan an sauko, layin ya cika. Aka shimfiɗa wa Alhaji Mahamane tabarma ya miƙe ƙafafu. Tijani ya fito cikin farar shadda tana ƙara, aka ɗauko jar kujera aka cire mata leda aka ajiye a tsakiya, amma bai zauna ba, wai sai an ba shi. A gabansa kwandon tumatir ne, wanda zafin butik ya riga ya narkar da rabinsa, ƙudaje sun yi masa rumfa. Shaidu huɗu na tsaye, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya, Khamisu da ido ɗaya a kumbure.

Tijani ya yi dogon jawabi a kan Turawa da gazawarsu, sannan ya ɗaga hannu.

"Na duba, na auna. Hukuncina shi ne, kowa yana da rubu'in gaskiya. A rubu'i, B rubu'i, C rubu'i, D rubu'i. Amsar tambayar ita ce dukansu. Ku yi musabaha."



"Rubu'i?" in ji Khamisu. "Na ba da ido guda a ba ni rubu'i?"

"Ai kai ka ce mini tawa ta hi nauyi," in ji Sufyanu.

"Ni ma haka ya ce mini!"

"Ni masu cin tuwona sun koma wurin wata mai tuwo 'yar Agadas," in ji Hawwa, tana ɗaure zani. "Wane rubu'in zai dawo mini da su?"

Daidai nan jama'a suka dare, tsohon Outoul ya shigo da sandarsa. Tijani ya ji sanyi a ransa, ya tarbe shi hannu biyu.

"Ga mai lambun da kanshi! Baba, faɗa musu da bakinka. Wannan tumatir, rediyo ne ya girmar da shi ko taki?"

"Ina zan sani?" in ji tsohon. "A bakin hanya na karɓo maka shi wurin mai kamiyo, babbar motar kaya, don ka tashi daga cikin ruwana. Ni albasa nike nomawa, na faɗa maka. Ina rediyona? Yau akwai ƙwallo."

Can Sufyanu ya matso a hankali ya miƙa masa faranti.

Tsohon ya daɗe yana kallon farantin. Ya ɗauki eriyar, ita kaɗai ta rage da kamanninta, ya juya ta, ya mayar. Ya sunkuya ya zaɓi tumatir mafi laushi a kwandon, ya auna, ya dasa wa Tijani a tsakiyar ƙirji.

"Ai na..." in ji Tijani, tumatir na biyu ya rufe masa baki. Wannan daga Hawwa ne, wadda ta manta da tsadar tumatir. Khamisu ya jefa da ido ɗaya ya sami Sufyanu, Sufyanu ya rama ya sami wani mai kallo, 'yan aikin gini suka ga yau ga miyar da aka hana su, suka yi wa kwandon rubdugu. Tijani ya ruga bayan jar kujera ya tsuguna, amma kujera ba ta rufe mutum mai babbar riga. Balaraben mai dabino ya leƙo ya ce yana ganin motar jandarma a bakin kasuwa.

Wannan kalma ta tsayar da kowa cak. Alhaji Mahamane, wanda tumatir ɗaya ya same shi a hula, ya cire ta ya duba, ya kira Zuhura.

"Ɗiyata, yaya ma suke tambayar nan a littahinku?"

Zuhura ta sunkuyar da kai don kunyar kawunta. "Suna cewa, wanne daga cikin waɗannan, in gaskiya ne, ya hi raunana maganarshi."

"Madalla. To jama'a, ga tawa. Wani mutum ya ce duk Tamanrasset babu wanda ya kai shi iya kashe rigima. Wanne ya hi raunana maganarshi? A, bencin Tahiru. B, idon Khamisu. C, farantin nan. D, miyar Hawwa."

"Dukansu!" in ji mutum huɗu da baki ɗaya.

Suka dubi juna. Hawwa ce ta fara fashewa da dariya, Khamisu ya bi, yana dariya yana riƙe ido, har Sufyanu ya dafa shi don kada ya faɗi. Motar jandarma ta wuce abinta, ba ta ga komai ba sai mutane suna dariya.

Ana wannan, ba wanda ya lura Tahiru ya sulale ya dawo da buta da ƙananan kofuna. Ya fara miƙa wa tsohon, ya ba Khamisu, ya ba Sufyanu, ya ba har wanda ya fara yi masa ba'ar taki. Sannan ya ce wa tsohon ya ɗauki rediyon rumfarsa ya je ya ji ƙwallonsa, in Sufyanu ya haɗa nasa a yi musanya. Tsohon ya kurɓi shayi, fuskarsa ta saki.

Alhaji Mahamane ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi.

"Tahiru," in ji shi, "ƙungiya ta zama taka."

Tijani ya miƙe daga bayan kujera, jan ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya buɗe baki, a karon farko a tarihin layin babu abin da ya fito. Tahiru ya ce shi bencinsa ya ishe shi, amma tun da an ɓata wa baƙo rai, yana roƙon Malam Tijani ya ba tsohon kujerar nan a matsayin ban haƙuri. Idon kowa ya dawo kan mai kujerar. Haka Tijani ya tsaya yana kallo aka ɗora jar kujerarsa, wadda ko sau ɗaya bai ɗanɗana zama a kanta ba, a bayan motar Outoul, tsohon ya hau ya harɗe a kai da rediyo a cinya.

Da jama'a suka watse ya koma butik, ya kifa bokiti ya zauna. Ya daɗe yana kallon inda kujerar take a da, ledarta na nan a ƙasa. Zuhura ta kawo masa ruwa da tsumma.

"Tahirun nan," in ji shi can, murya a dishe, "wane harafi ne ma?"

"A ne, Kawu."

"To wa ya ba shi A? Ni. Ai na sani tun farko."

"Haka ne, Kawu."

Ta koma lungunta ta buɗe shafi na gaba. Tijani ya goge tabarau da gefen rigar da ya rage fari, ya miƙa wuya.

"Wannan kuma waye suka taru mishi?"

Zuhura ta dubi shafin. Wani mai jirgin ruwa ne da ke cewa kifi ya ragu a teku. Ta rufe littafin a hankali, ta ajiye shi a kan tabarma, ta zauna a kai.